Kwaɗo Direban Kwaleji

Shekara ashirin da shida ya yi yana jan bas ɗin kwaleji, kuma a tsawon wannan lokaci ba a taɓa kiransa ofis ba ko da a kan fashewar fitila. Ɗalibai Baba Direba suke ce masa. Waɗanda suka san shi tun da sauran gashi a kansa kuwa Kwaɗo suke kiransa, don shi ne golan kwalejin a zamaninsu. Wasu sun ce saboda tsallensa aka sa masa sunan, wasu sun ce a'a, in ya tsaya a raga ne kamar an garƙame ƙofa da kwaɗo. Shi dai kowanne aka nufa amsawa yake yi.

A wannan kwalejin ya yi karatu, sashen kanikanci. Saura wata biyu a yi jarrabawar fita wani babban kulob ya aiko ana son a gwada shi. Malamansa suka ce ya bari sai ya gama, ya ce kwana biyar ne kacal. A rana ta uku ya fito kama ƙwallo, wani ƙaton ɗan wasan gaba ya faɗo masa a kafaɗa, ƙashi ya karye gida biyu. Kafin a kwance masa filasta an gama jarrabawa, kulob ɗin kuma ko gaisuwa ba su aiko ba. Aka ce ya dawo ya maimaita shekara. Zuciya ta hana shi zama aji ɗaya da yaran da ke ɗaukar masa takalmin ƙwallo. Ya yi shekara huɗu yana gararamba daga wannan gareji zuwa wancan, har malamin wasanni ya gan shi wata rana a ƙarƙashin wata tsohuwar mota, ya ce masa ana neman direba. 'Yan ajinsa suka watsu duniya da takardunsu, shi kuma ya dawo inda suka bar shi.

Bai taɓa ganin abin a matsayin faɗuwa ba, ko kuma bai taɓa faɗa ba. An ba shi ɗaki biyu da kicin a gidajen ma'aikata, bayan gareji. A nan ya yi aure, a nan aka haifi 'ya'yansa uku, a nan matarsa ta kafa keken ɗinkinta a bakin taga. Kullum da safe kafin ya karya sai ya duba ruwa da mai, ya bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya yana bugunsu da guduma yana sauraro. Ya kai ɗalibai masana'antu, ya kai su wasanni, ya kai gawar malamai uku garuruwansu.

Matarsa ce ta fara lura. Ta ajiye masa shayi a hagu, ya zauna yana kiran a kawo masa shayi. Bayan kwana biyu ya bugi bakin ƙofar da ya shekara ashirin yana shige da fice a cikinta.

"Baban yara, idon nan naka lafiya kuwa?"

"Lafiya lau. Ke ce kike ajiye kaya inda ba wurinsu ba."

Amma shi ya sani. Abin da ke gabansa yana ganinsa tar. Gefe ne ya fara cinyewa, musamman hagu, kamar ana jawo labule a hankali ba tare da an taɓa mayar da shi ba. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi. Ta ce ya je asibitin kwaleji, ya ce duk abin da aka rubuta a can gobe yana kan teburin shugaban sashen motoci. Sai ya ƙara madubi a gefen bas ɗin, ya koyi juya kansa gaba ɗaya a kowace mahaɗa, ya rage gudu har ɗalibai suna yi masa tsiya wai keke ya wuce su. Haka ya yi shekara biyu. Lokacin da aka kafa allon taron tsofaffin ɗalibai a bakin get, saura wata goma sha ɗaya ya yi ritaya da mutuncinsa.

Taron 'yan ajinsu ne, cikar shekara talatin da fita. Ran Juma'a shi aka tura tasha ya kwaso waɗanda ba su zo da motocinsu ba. Ya sa farar rigarsa ta aiki, ya tsaya a bakin ƙofar bas yana karɓar jakunkuna. Mutum shida suka wuce shi suna cewa "Sannu direba", sai na bakwai, wani siriri mai kaurin tabarau, ya tsaya ya zuba masa ido.

"Kwaɗo? Kai ne ko idona ne?"

"Ni ne, Ido-huɗu. Har yanzu ba su zama shida ba?"

Suka rungume juna a kan matakala har suka tare hanya. Ɗaki ɗaya suka zauna shekara biyu. Kwaɗo ne ke raba shi da manyan ɗalibai masu ƙwace masa abinci, shi kuma yana yi wa Kwaɗo lissafi. Daga kwalejin ya wuce jami'a, yanzu likitan ido ne a wani babban asibiti mai nisa. Nan take bas ta kaure da ihu, waɗanda suka wuce ɗazu suka dawo suna rantsuwa wai sun gane shi, wasa suke yi.

A babban ɗakin taro an jera tebura, ana rubuta suna ana ba kowa riga da hula da katin rataya a wuya. Aka duba takarda sama da ƙasa babu sunan Kwaɗo, don daga jerin waɗanda suka karɓi shaidar kammalawa aka kwafo ta. Ciyaman ɗin ƙungiya, wani ɗan kwangila mai tumbi da muryar da ba ta buƙatar lasifika, ya dafa kafaɗarsa.

"Wace irin takarda kuma? Wannan ai shi ne kwalejin! Ku ba shi riga."

Rigar da ta rage ƙarama ce, ta ɗame shi a hammata. Ya sa ta a haka, ya koma waje ya gyara wa bas wurin tsayuwa.

Asabar da safe aka fara da karanta sunayen waɗanda suka rasu. Mutum arba'in da ɗaya cikin ɗari biyu da 'yan kai. Ana kiran suna sai ka ji wani daga baya ya ce, "Shi ma? Yaushe?" Daga nan aka dasa itatuwa a gefen ɗakin karatu, aka zagaya tsofaffin ɗakunan kwana kowa yana nuna gadonsa, aka yi ta hotuna. Da hantsi aka nufi fili, wasan sada zumunci tsakanin tsofaffin ɗalibai da malaman yanzu. Kwaɗo ya ce kafaɗa ba za ta bari ba. Ba wanda ya saurare shi. Aka cusa masa safar hannu, aka tura shi raga ana tafi.

Minti goma da farawa wani matashin malami ya sheƙo ƙwallo daga tsakiya, kai tsaye. Jikinsa ya tuna abin da ya sani, ya tashi sama ya cafke ta ya faɗo a gefen da ba ciwo. Fili ya ɗauki sunansa. Ya miƙe yana kakkaɓe ƙasa, kuma rabon da ya ji daɗi irin wannan har ya manta.

Sai aka turo wata daga hagu, a hankali, irin wadda ko tsohuwa za ta tare da ƙafa. Ta gangaro ta wuce ta gefen takalminsa ta shige raga, shi kuwa yana tsaye yana kallon tsakiyar fili. Sai da ya ji dariya ya juya. Kafin a tafi hutu aka sake yi masa irinta.

"Kwaɗo ya yi tsatsa!" in ji Ciyaman daga bakin fili. "A kawo man inji!"

Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi, ya ɗaga hannu wai rana ce ta kashe masa ido. Likita ne kaɗai bai yi dariya ba. Da aka tashi cin abinci ya kamo hannunsa.

"Zo ka raka ni in ga tsohon ajinmu na lissafi."

Ajin ba kowa, kujeru a kife a kan tebura. Likita ya sauke biyu, ya zaunar da shi suna fuskantar juna, gwiwa na taɓa gwiwa.

"Rufe idon dama. Kalli hancina, kar ka motsa. In ka ga yatsuna ka ce ka gani."

"Wai mene ne haka? Ni yaro ne?"

"Ka dai yi, don Allah."

Ya yi. Ya zauna yana kallon hancin abokinsa yana jira, shiru, shiru, sai da yatsun suka zo kusan gaban fuskarsa sannan ya ce, "Na gani." Aka koma ɗaya idon. Ya ɗan fi, amma ba sosai ba. Likita ya haska masa fitilar wayarsa, ya danna masa fatar ido da yatsa biyu, sannan ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Tun yaushe?"

"Bai daɗe ba."

"Kwaɗo."

"Shekara biyu."

"Hawan jinin ido ne, kusan na tabbata, sai dai a auna. Abin da ya tafi ya tafi, ba ya dawowa. Wanda ya rage ake ƙoƙarin tsarewa. Kuma ka ji ni da kyau, kai da sitiyari kun gama. Daga yau."

Kwaɗo ya yi murmushin da bai kai ciki ba. Ya ce masa hanyoyin garin nan ko an ɗaure masa ido zai bi su. Ya ce shekara biyun nan ko kaza bai taka ba. Ya gaya masa maganar wata goma sha ɗaya, da gidan da za a karɓe in aka sallame shi a kan rashin lafiya, da autarsa da ke shekarar ƙarshe a wannan kwalejin.

"Mutum sittin kake ɗauka, 'ya'yan mutane," in ji Likita.

"Na sani. Ni nake ɗaukarsu, ba kai ba." Ya sassauta murya. "Ban taɓa roƙonka komai ba, ɗan'uwa. Gobe ne kawai, in kai ku madatsar ruwa in dawo da ku. Kar a ce a gaban 'yan ajinmu aka karɓe mini makulli. Litinin da ƙafata zan je in gaya wa Ogan sashen motoci."

Likita ya kalli allo, ya kalli taga. Da wani ne da tuni ya tashi ya nufi ofis. Amma wannan shi ne mutumin da ya taɓa shan duka a madadinsa a bayan ɗakin cin abinci.

"Litinin," ya ce. "Gobe kuma a bayanka zan zauna. Duk abin da na ce ka yi, ka yi."

Da Kwaɗo ya koma gida ya gaya wa matarsa rabin maganar. Ta dakatar da keken, ta juyo.

"To ka ce ba ka da lafiya mana, a ba wani ya kai su. Wa zai kama ka?"

"Direba biyu ne, ɗayan yana hutu."

"Su hau motocinsu. Ba kowa da tasa ya zo yana nuna wa jama'a ba?"

"Ke ba za ki gane ba."

"Na gane sarai. Kunya kake ji. Kunyar ce ta hana ka komawa aji, ita ce kuma za ta kai ka inda ba ka zata ba."

Ya tashi ya shige ɗaki. Ita ma ta koma kan ɗinkinta, amma ya ji keken na tafiya yana tsayawa.

Lahadi tafiya ta yi kyau. Likita na bayansa yana raɗa masa, "Babur a hagu. Mai tafiya a ƙasa. Wuce." A bakin ruwa aka shimfiɗa tabarmi, aka gasa nama, aka yi gasar jan igiya tsakanin sashe da sashe har wani tsohon akanta ya faɗa cikin taɓo. Kwaɗo bai ci komai ba, ya zauna a inuwar bas. Da la'asar aka kamo hanyar dawowa, don da yamma za a yi bikin rufewa da raba lambobin yabo. Mutane sun ƙoshi, suna ta waƙoƙin da suke yi a filin wasa a da, ana buga jikin kujera.

Sun iso kwanar shiga get ke nan wani ya taɓo Likita daga baya ya ce ya juyo a ɗauki hoto. Ya juya. Kwaɗo ya sa sigina, ya juya kansa hagu kamar yadda ya saba, ya ga hanya fayau, ya karya kwana.

Ƙarar ba ta da yawa. Kamar an taka akwatin katako. Sai bas ta ɗan ɗaga ta baya ta sauka, wata mata ta ƙwalla ƙara, waƙa ta tsaya.

Mai burodi ne. Dattijo ne da ya shekara goma sha biyar yana kawo burodi kicin ɗin kwaleji a kan keke, da akwati ɗaure a baya. Kullum suna gaisawa, wani lokaci har yakan miƙo wa Kwaɗo guda ta taga ya ce a kai wa yara. Yana kwance a gefen kwalta, burodi ya watse ko'ina, ƙafarsa ta dama daga gwiwa zuwa ƙasa ba ta da siffar ƙafa. Bai suma ba. Yana ta cewa, "Kekena, ku ɗauke mini kekena daga hanya."

Likita ya cire bel ɗinsa ya ɗaure cinyar. Aka sa dattijon a motar wani aka yi asibiti da shi. Kwaɗo ya sauko ya tsaya riƙe da makulli. Ciyaman ya ja shi gefe.

"Ka kwantar da hankalinka. Mu hamsin ne a motar nan, duk mun ga shi ya faɗo maka. Ka ba da sigina, kana tafiya a hankali. In ɗan sanda ya zo kar ka yi dogon bayani, ka bar ni da shi."

Ɗan sandan ya zo da littafinsa, ya auna taya, ya kalli keken. Ciyaman ya fara magana, mutum uku suna gyaɗa kai. Sai ɗan sandan ya juyo.

"Direba, kai me ka gani?"

"Ban ga komai ba, ranka ya daɗe."

"Wato ya shigo maka ba zato."

"A'a. A kan hanyarsa yake. Ni ne ba na gani ta hagu. Na shekara biyu a haka."

Ciyaman ya ce, "Kai, ruɗewa ce, bai san abin da yake faɗa ba." Kwaɗo ya miƙa wa ɗan sandan makullin da lasisinsa, ya bi shi zuwa motarsu.

Bikin rufewa an yi shi, sai dai an makara da awa ɗaya. An yi addu'a ga mai burodi, an yi jawabai, an yanka kek. Ashe cikin lambobin yabo akwai ta Kwaɗo, wani faranti mai walƙiya da aka rubuta wa gwarzon gola. Masinja ne ya kai wa matarsa gida. Ta karɓa, ta tura shi ƙarƙashin gado da ledarsa.

An yanke wa mai burodi ƙafa a ƙasan gwiwa. Kotu ta soke lasisin Kwaɗo har abada, ta yi masa ɗaurin talala saboda ya amsa laifinsa da bakinsa. Kwamitin kwaleji ya zauna sau biyu ya sallame shi, aka ba su wata uku su bar gidan. Likita ya rubuto wa kwamitin cewa shi ma ya sani tun ranar Asabar ya yi shiru, a haɗa da shi. Takardar ba ta canza komai ba, sai dai ta jawo masa tambayoyi a wurin aikinsa. Shi ne kuma ya sa aka kawo Kwaɗo asibitinsu, ya yi masa aiki da hannunsa. Na hagu ya riga ya mutu. Na dama aka tsare ɗan abin da ya saura, kamar mai leƙe ta bututu. A zauren hirar da 'yan ajin suka buɗe a waya an yi kwana uku ana jajantawa, daga nan aka koma tura hotunan bakin ruwa.

Suka koma ɗaki ɗaya a bayan shagon wani ƙanin matarsa, can ƙarshen gari. Ita ke ɗiga masa magani safe da yamma, ɗinkinta ke ciyar da su. Wani lokaci masu gareji na unguwar sukan kira shi ya saurari inji ya gaya musu inda ciwon yake, kuma ba ya kuskure.

Sau biyu yana zuwa gidan mai burodi ana ce masa yana barci. A karo na uku, bayan wata biyar, ya je tare da matarsa, matar gidan ta ce su shigo. Dattijon na zaune a kan tabarma a tsakar gida, ya jingina da bango, sandunansa a gefe, an naɗe ƙafar wandon an soke da fil. Ya rame ƙwarai. Suka gaisa kamar baƙi. Kwaɗo ya durƙusa, duk maganar da ya shirya a hanya ta gudu.

"Na zo ne in ce ka yafe mini, Baba."

Dattijon ya daɗe yana kallonsa.

"An ce kai ka gaya wa 'yan sanda gaskiya."

"Ni ne."

"An ce kuma ka san idonka ba lafiya. Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"Shekara biyu." Ya jinjina kai. "Kullum ina wuce ka a get ɗin nan ina ɗaga maka hannu. Wani lokaci ka amsa, wani lokaci ka share ni. Har na ce wa matata direban nan ya fara girman kai." Ya gyara zaman dungulmin da hannu biyu. "Da ka ce mini ba ka sani ba, da ya fi mini sauƙi."

Matar Kwaɗo na share hawaye da bakin mayafi. Dattijon ya ce a kawo musu ruwa, aka kawo, suka sha.

"Na yafe maka, don ni ma ina so Allah ya yafe mini," ya ce. "Amma kar ka sake zuwa. In na gan ka ƙafar ciwo take yi."

Kwaɗo ya ce to. Ya miƙe, ya lalubi takalminsa a bakin ƙofa. A waje rana ta take, masu babura na ta wucewa. Matarsa ta tsaya har hanya ta yi sauƙi, sannan ta ce masa, "Taho," suka tsallaka.